Hayaƙi da Ƙara: Hanyoyin Gane Ciwon Injin Tsohuwar Babbar Mota

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Dawanau ko kasuwar shanu ta Potiskum ranar lodi, ya san tsofaffin manyan motocin nan masu bodin katako da ke kwasar kaya zuwa kudu. Da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Ba su da kwamfutar da za a jona wa na'ura ta faɗi abin da ke damun su kamar motocin yanzu. Idan ɗayarsu ta fara ciwo, abin da bakanike ke da shi shi ne idonsa da kunnensa da hancinsa, sai kuwa tambayoyin da zai yi wa direba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake karanta alamomi biyu da inji ke nuna ciwonsa da su, watau hayaƙin salansa da ƙarar da ke fitowa daga jikinsa. Abin da nake so in tabbatar shi ne, launin hayaƙi da irin ƙara somin-taɓi ne kawai. Abin da ke yanke hukunci shi ne lokacin da alamar take bayyana da lokacin da take ɓacewa. Maganar ba ƙarama ba ce, domin nozul guda ɗaya da ya lalace yana iya yin ƙara irin ta injin da ke shirin bugawa. Wanda ya kasa bambance su zai sa mai mota ya sauke inji a banza, ko kuwa, abin da ya fi muni, ya sallame shi ya hau hanya da injin da ba zai kai Lakwaja ba.

Motar da zan riƙa kafa misali da ita ita ce Mercedes-Benz L 911, mai gajeren hanci. Kamfanin Daimler-Benz na Jamus ya fara fito da wannan jinsi a 1959, ya kuma ci gaba da ƙera shi domin kasuwannin ƙetare har tsakiyar shekarun 1990. A Nijeriya an buɗe masana'antar ANAMMCO da ke Emene kusa da Inugu a 1980 domin harhaɗa manyan motocin wannan kamfani. Injin da aka fi sanin 911 da shi shi ne OM 352, wanda ya fito a 1964, mai silinda 6 a jere, mai faɗin ciki lita 5.7. Amma galibin abin da za a faɗa ya hau kan kowane tsohon injin gas.

Abin da ke faruwa a cikin silinda

Wanda bai san lafiya ba ba zai gane cuta ba, saboda haka sai mu fara da yadda inji ke ƙona mai. Injin gas, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a birnin Augsburg a 1897, ba shi da fulogi. Fistin yana zuƙo iska zalla, sa'an nan ya matse ta. A OM 352 iskar da ta cika silinda ana matse ta har ta koma kusan kashi 1 cikin 17 na girmanta, matsin kuwa shi ke sa ta yi zafi fiye da digiri 500. A daidai wannan lokaci famfon da kanikawa ke kira injekta yake turo mai, nozul ya fesa shi cikin iskar da ƙarfin da ya kai kusan ninki 200 na nauyin iskar da muke shaƙa. Man ya tarwatse kamar hazo, ya kama wuta da kansa.

Abubuwa huɗu ke nan suka wajaba: iska isasshiya, mai daidai gwargwado wanda ya fesu sosai, zafin matsi, da kuma dacewar lokaci. Akwai kuma baƙi biyu da ba a gayyata cikin silinda ba, watau baƙin mai da ruwan lagireto. Duk hayaƙin da mai karatu zai gani a bayan mota, ko dai ɗaya daga cikin huɗun nan ya gaza, ko kuwa ɗaya daga cikin baƙin nan ya kutso.

Baƙin hayaƙi

Baƙin hayaƙi mai ne da ya kama wuta amma bai sami iskar da za ta cinye shi ba, sai ya koma gawayi. Misalinsa fitilar ƙwai da aka ɗaga wa lagwani fiye da kima. Mutane da yawa ba su san yawan iskar da inji ke bukata ba. Kilo 1 na man gas yana bukatar kimanin kilo 14.5 na iska, watau lita 1 ta mai tana cin iskar da ta kai lita 10,000. Wannan ma mafi ƙaranci ke nan a lissafi, domin a aikace injin gas yakan fara baƙi tun kafin a sauko nan, saboda man ba ya samun sukunin cuɗanya da iskar duka. Inji mai lita 5.7 da ke juyawa sau 2,000 a minti yana zuƙar iska wajen lita 5,000 a kowane minti.

Da wannan lissafi za a gane dalilin da ya sa bakanike mai hankali yake fara duba matatar iska kafin ya taɓa injekta. A ƙasarmu, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da ƙurar hunturu ke sauka, matata takan toshe da wuri ƙwarai. Tsofaffin motoci da yawa suna da matata mai kwanon mai a ƙasa, inda ƙura ke faɗawa ta zauna. Idan aka bar kwanon ya zama taɓo, inji ya shaƙe ke nan. Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo: a wanke matatar ko a sauya ta, a hau hanya, a dubi madubi.

To, a nan ne tambayar lokaci take shigowa. Ɗan baƙin da ke fita sa'ad da direba ya taka totur farat ɗaya, ya kuma washe cikin daƙiƙa biyu ko uku, ba ciwo ba ne, mai ne ya riga iska isowa. A injin da ke da turbo abin ya fi fitowa fili, domin turbo yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya ɗauki gudu. Haka nan motar da ba ta hayaƙi a Kano amma ta turnuƙe a Hawan Kibo, ba lalle ne a zarge ta ba. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, iskar can kuwa ta fi ta bakin teku sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100. Injin da ba shi da turbo yana zuƙar lita ɗaya ce ko'ina, amma abin da ke cikin litar ya ragu, famfo kuma bai sani ba, yana nan yana ba da mai kamar da. A kan hanyar Gembu ta tsaunin Mambila abin ya fi haka. Maganinsa a sauko giya, a bar inji ya yi juyi, a rage danna totur. Direban da ke jan lodi da babbar giya yana danne da totur har ƙasa, kuɗinsa yake fesarwa ta salansa.

Baƙin da ake tsoro shi ne wanda ba ya yankewa, a tudu da gangare, da lodi da babu. Idan matata lafiya take, sai a koma ga nozul. Nozul da ya gaji ba ya fesa mai, ɗigo yake yi, ɗigon kuwa ba ya ƙonewa sosai. Ana cire shi a ɗora a kan famfon gwaji na hannu, a ga ƙarfin da yake buɗewa da kuma kamannin feshinsa. Bayan nozul sai taimin, domin idan mai ya makara da shiga, fistin ya riga ya fara sauka, wutar ba ta gama ci ba sai a buɗe mata ƙofa. Irin wannan inji yakan yi sanyin murya, ya rasa ƙarfi, salansarsa ta yi zafi fiye da kima.

Akwai kuma ciwon da mutane ke sa wa inji da hannunsu. A jikin injekta akwai wani sukuru da ke iyakance yawan man da famfo zai iya bayarwa, masana'anta kuwa takan ɗaure shi da waya ta buga masa hatimin dalma. Wasu sukan fasa hatimin su ƙara mai wai don mota ta ja lodin da ya fi ƙarfinta. Gaskiya ne tana ɗan ƙara ƙarfi, amma iskar ba ta ƙaru ba. Abin da ya biyo baya shi ne gawayi a zobban fistin, baƙin mai ya yi kauri da wuri, kan fistin ya riƙa gasuwa. A ganina duk bakaniken da aka kawo wa mota mai baƙin hayaƙi, ya kamata ya leƙa hatimin nan tun kafin ya ɗauki sifana. Ba inji kaɗai ke cutuwa ba. A watan Yuni na 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa, ta sanya hayaƙin injin gas cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Yaran mota da 'yan dako da masu talla a tasha su ne suka fi kowa shaƙarsa.

Farin hayaƙi

Fari iri biyu ne, ido kuwa ba ya raba su, sai hanci. Na farko mai ne da bai kama wuta ba sam, ya fito a matsayin hazo. Yana da warin gas, yana sa ido yaji, yana kuma daɗewa a iska. Na biyu tururin ruwa ne, ba ya yaji, yana watsewa nan da nan.

Da asuba a lokacin sanyi, inji mai lafiya ma yakan yi fari na minti kaɗan. Ƙarfen silinda mai sanyi yana shanye zafin iskar da aka matse, wani sashe na man ya kasa kamawa. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: ƙona lita 1 ta man gas yana haifar da ruwa kusan lita 1, wanda ke fita a matsayin tururi. Salansa mai sanyi takan mai da shi raɓa, har a ga ruwa yana ɗiga. Duk wannan yana wucewa da zarar inji ya ɗumama.

Idan inji ya yi zafi amma fari mai yaji bai tafi ba, to akwai silindar da ba ta cin wuta. Ko dai matsinta ya ragu saboda zobba sun cinye ko bawul ya ƙone, ko nozul ɗinta ya mutu, ko taimin ya makara ƙwarai, ko kuwa iska ko ruwa sun shiga cikin mai. Na ƙarshen nan ya zama ruwan dare ga masu sayen mai a jarka a bakin hanya. A tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki ko daga filta a zuba a kwalba mai haske. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙuru-ƙuru.

Tururi kuwa, idan ya zo tare da raguwar ruwan lagireto ba tare da an ga inda yake yoyo ba, gasket ɗin kan inji ya ƙone, ko kan ya tsage. Shaidunsa sanannu ne. A buɗe murfin lagireto inji na sanyi, a tayar, a ga ko kumfa na tasowa ba yankewa. A zaro geji a ga ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. A matsa robar ruwa ta sama jim kaɗan bayan tayarwa, a ji ko ta yi tauri tun ruwan bai yi zafi ba. Wannan ciwo ba a tafiya da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya taru a kan fistin cikin dare, aka buga kik da safe, konrod na iya lanƙwashewa nan take.

Bari in ɗan ratse a nan in taɓo maganar tamosta, ɗan bawul ɗin nan da ke hana ruwa zagayawa lagireto sai inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80. Al'ada ce a garejinmu a cire shi a yar, wai ƙasarmu da zafi. Wannan kuskure ne. Injin da ke yini cikin sanyi ba ya ƙona mai sosai, ruwa yana taruwa a baƙin mansa. Shekaru da dama kuwa dokar Nijeriya ta amince da man gas mai ɗauke da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali ƙasashen Tarayyar Turai sun tsaida nasu a kashi 10 tun 2009. Farar wuta idan ta haɗu da ruwa takan zama ruwa mai cin ƙarfe. Tsofaffin injinanmu a kan irin wannan mai suka yi yawancin rayuwarsu, kuma waɗanda aka cire wa tamosta sun fi jin jiki.

Shuɗin hayaƙi

Ba shuɗi ne irin na baba ba, toka-toka ne mai ratsin shuɗi, warinsa kuwa na ƙonannen baƙin mai ne. Hanyoyin da baƙin mai ke bi ya isa silinda ba su da yawa, kuma lokacin hayaƙin ne ke nuna wadda ya bi. Idan yana fita ne a tashin farko bayan mota ta kwana, ko bayan ta daɗe tana silo, sa'an nan ya ragu a kan hanya, mai yana zurarowa ne daga sama ta jikin sandunan bawul. Idan kuwa yana ƙaruwa da lodi da gudu, daga ƙasa yake hawowa, zobban fistin, waɗanda ake ce wa ringi, sun gaji ko silinda ta rarake. Ana tabbatar da wannan da buɗe murfin zuba baƙin mai inji na silo. Ɗan huci kaɗan ba kome ba ne ga tsohon inji, amma idan yana busa hayaƙi fuf-fuf har murfin ba ya zama a bakinsa, matsi yana tserewa ta gefen fistin.

Kafin a yanke wa ringi hukunci sai a duba abubuwa masu araha. An cika baƙin mai ya wuce alamar geji? An cika kwanon matatar iska har inji yana zuƙe man? Idan akwai turbo, a kwance bututun da ke fita daga gare shi a ga ko ya jiƙe da mai. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa.

Wani abu kuma da ya kamata direba ya ji tsoro shi ne baƙin mai da ke ƙaruwa da kansa. Inji ba ya haihuwar mai. Idan geji yana hawa, man ya tsinke yana warin gas, to gas ke zuba a ciki. A OM 352 nozul da ƙananan bututun da ke mai da rarar mai suna ƙarƙashin murfin bawul ne, saboda haka yoyonsu ba ya fitowa waje a gani, kai tsaye yake gangarawa kwanon baƙin mai. Tsinkakken mai ba ya riƙe metal. Bugu da ƙari injin gas yana iya cin baƙin mansa a matsayin makamashi. Idan ya samu hanyar zuƙar sa da yawa, ko ta turbo ko ta matata, sai ya ɗauki gudu da kansa, hayaƙi ya rufe wuri, a kashe makulli ya ƙi mutuwa, domin ba ta injekta yake samun abin da yake ci ba. Abin yi shi ne a toshe masa iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ko tsumma ba, ko kuwa a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci ya shaƙe. Idan ba a iya ko ɗaya ba, sai kowa ya yi nisa.

Ƙara

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin inji ji yakan riga gani. Wahalar ita ce injin gas da ma can mai surutu ne. Tsakanin shigar mai da kamawarsa akwai ɗan jinkiri, man da ya taru a wannan jinkiri kuwa yakan kama gaba ɗaya, shi ne ƙwas-ƙwas ɗin da ake ji a silo, musamman da sanyin safiya. Wannan muryarsa ce ta halitta. Takan yi kaifi idan taimin ya yi gaggawa, ko idan an gauraya man da fetur. Masu haɗa shi da kananzir kuwa su sani kananzir ba shi da santsin gas, kuma da santsin man ne sassan cikin injekta da nozul suke gogayya ba su cinye juna ba.

Direbobi da kanikawa da amsa-kama suke kwatanta ƙara. Wannan ya ce tana yi masa ƙal-ƙal, wancan ya ce gwaf-gwaf, wani ya ce dim-dim. Ɗalibin harshe zai lura cewa akwai tsari a ciki, domin galibi ƙara mai kaifi ta sama da baƙaƙe irin su ƙ da c ake kwaikwayonta, mai nauyi ta ƙasa kuwa da g da d. Sai dai ƙal-ƙal ɗin wani ita ce cas-cas ɗin wani, ba za a sayi kayan gyara a kan wannan ba. Abin da ba ya sauyawa daga baki zuwa baki shi ne kiɗan ƙarar, watau yawan bugunta.

Ga yadda lissafin yake. Karanshaf yana juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Idan inji yana silo a kan juyi 600 a minti, karanshaf yana juyi 10 ke nan a daƙiƙa, kowane bawul yana buɗewa sau 5, kowace silinda tana cin wuta sau 5, silinda 6 gaba ɗaya sau 30. Kunne ba ya iya ƙirga 30 a daƙiƙa, guɗa ɗaya yake ji. Amma 5 a daƙiƙa ana iya bin ta da yatsa a kan bodi. Saboda haka duk ƙarar da ta fita daban ana iya ƙirga ta, ta silinda ɗaya ce ko bawul ɗaya. Wadda kuwa ba ta bin juyin inji sam, a neme ta a waje, wataƙila wani ƙarfe ne ya kwance.

Siririyar ƙara daga saman inji, mai bugu 5 a daƙiƙa, wadda lodi bai dame ta ba, galibi tafet ne ya yi sako-sako. A OM 352 ratar da ake bari inji na sanyi ita ce milimita 0.20 ga bawul ɗin shigar iska, 0.30 ga na fitar hayaƙi. A nan ma akwai tarko. Wasu sukan ɗaure tafet tamau don inji ya yi shiru mai mota ya ji daɗi. Ƙarfe kuwa yana miƙewa da zafi, bawul ɗin da ba shi da rata ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa lasar bakinsa har ya ƙone. Tafet mai ɗan surutu ya fi bebe lafiya. Akwai wata ƙara mai kama da ta tafet, ita ce ta yoyon hayaƙi a mahaɗar salansa da kan inji. Ana gane ta da baƙin toka a wurin, kuma takan ragu idan ƙarfe ya yi zafi ya cike ratar.

Zafi shi ne babban alƙali tsakanin ƙararrakin ƙasa. Fistin da ya yi wa silinda kaɗan yakan riƙa marin bangonta da sanyi, amma da yake alminiyon ne, ya fi ƙarfen silinda saurin kumbura, sai ƙarar ta lafa bayan minti goma. Da irin wannan mota takan yi shekaru tana aiki. Metal ɗin konrod kuwa akasin haka yake. Da sanyi baƙin mai yana da kauri, yana cike ratar, ƙarar ta ɓuya. Da zafi man ya tsinke, sai bugun ya fito, mai nauyi, daga tsakiyar inji zuwa ƙasa, allurar gejin mai kuma ta faɗi a silo. Na manyan metal da ke riƙe da karanshaf ya fi zurfi, kamar ana daka a gidan maƙwabta, ya kuma fi fitowa sa'ad da mota ke jan lodi. Ƙarar da ke lafawa da zafi tana ba da lokaci. Wadda ke tashi da zafi, tare da faɗuwar geji, a kashe inji a inda ake, ko da tumatir ne a baya. Asarar lodi ɗaya ba ta kai ta konrod da ya fasa bulo ya leƙo waje ba.

Sauran ƙararrakin ba su da wuyar kamawa. Ƙiii a tashin farko ko a taka totur, fambel ne. Gurnani daga gaba, boris ɗin famfon ruwa ne ko na altaneto, kuma ana tabbatarwa da cire fambel a tayar da inji na ɗan lokaci kaɗan, idan ƙarar ta tafi an san unguwarta. Wadda ke sauyawa idan an taka kuloci, a neme ta wajen kuloci ko a wasan karanshaf gaba da baya. Dogon sukuddireba da aka ɗora bakinsa a jikin inji, aka kara ƙotarsa a kunne, yana nuna inda bugu ya fi ƙarfi, sai dai a kiyayi fanka da babbar riga.

Inda hayaƙi da ƙara suka haɗu

Mu koma ga matsalar da aka ambata tun farko. An kawo mota tana bugu mai ƙarfi sau 5 a daƙiƙa, direba ya ce, "Maigida, metal ne, na ji shi tun daga Kwanar Ɗangora." Wataƙila ya yi gaskiya. Amma nozul mai ɗigo yana tara mai a silinda, man ya fashe gaba ɗaya ba a kan lokaci ba, bugunsa kuwa yana ruɗin ƙwararru ma.

Matakin farko shi ne a gano silindar. Inji yana silo, a sassauta notin bututun mai na silinda ɗaya bayan ɗaya, a rufe da tsumma, a ɗaure kafin a wuce ta gaba. Kada a kai yatsa wurin, domin mai a irin wannan matsi yana huda fata, raunin kuma yana iya kai wa ga yanke yatsa. Silinda mai lafiya idan aka hana ta mai, inji zai rage gudu ya yi ɗingishi. Wadda aka hana amma inji bai ko lura ba, da ma ba ta aiki. Wadda kuwa bugu ya tsaya da aka hana ta, ita ce mai ciwon.

Sai dai wannan bai raba gardama ba tukuna, domin bugun metal ma yakan ragu idan silindarsa ta daina cin wuta. A nan ne ake kiran sauran shaidu. Nozul yakan zo da hayaƙi, baƙi ko fari mai yaji, wanda ke yankewa tare da bugun, gejin mai kuwa yana nan daram. Metal ba ruwansa da hayaƙi, amma geji yana ƙasa, kuma idan aka tsiyaye baƙin mai aka duba shi a rana, ko aka yanka filta, za a ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe. In har yanzu da kokwanto, a musanya nozul ɗin da na wata silinda. Idan bugun ya bi nozul ya koma sabon gida, an kama ɓarawo. Idan ya zauna inda yake, sai a kwance kwanon ƙasa a duba metal, wanda shi ma ana iya yi inji yana kan mota. Aikin rabin yini ne gaba ɗaya. Kada kuma mai mota ya ce tun da nozul ne kawai bari ya kai wannan lodi tukuna. Nozul mai ɗigo yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, yana kuma iya huda kan fistin.

Wannan ilmi na lokaci shi ne kuma garkuwar mai sayen tsohuwar mota. Wasu dillalai sukan ɗumama inji kafin mai saye ya iso, don a ɓoye wuyar tashi da farin hayaƙi da marin fistin. Wasu kuma sukan zuba mai mai kauri, har da man giya, don a toshe bakin metal da ringi. Saboda haka mai saye ya je da sassafe ba tare da ya faɗi sa'ar zuwansa ba, ya ɗora hannu a kan inji ya tabbatar da sanyi yake, ya zaro geji ya murza man a yatsa ya sansana. Ya tsaya a bayan salansa sa'ad da ake buga kik. Sa'an nan a ɗora wa motar kaya a yi tafiyar da ba ta gaza rabin sa'a ba, a hau tudu in akwai, a dawo a bar ta tana silo, ya zauna a gaban gejin mai ya ga inda allura za ta tsaya.